Gwangwanin Kakana: Me 'Yancin Kai Ya Tsinana wa Mutumin Toranke?

Ran 1 ga watan Oktoba da ya wuce muna zaune a ɗakin kwananmu bayan la'asar, ba lacca ba wuta, sai gardama ta kaure a kan ranar da ake hutu dominta. Wani abokin karatunmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada ya ce na tona shi a mujalla, ya kada baki ya ce shi a ganinsa da Turawa sun ci gaba da riƙonmu har yau da mun fi haka. Ya ce a zamaninsu jirgin ƙasa yana tafiya, kuɗi suna da albarka, ɓarawo yana tsoron hukuma. Waɗansu suka yi masa ca, waɗansu suka goyi bayansa, kuma abin da ya ba ni tsoro shi ne masu goyon bayan nasa ba kaɗan ba ne. Ni dai ban ce uffan ba, domin ba gwanin musu ba ne ni. Amma maganar ta tsaya mini a rai, na kwana da ita na tashi da ita, har na ga ya kamata in rubuta amsata 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu su duba.

Ni mutumin Toranke ne, a ƙasar Gaya, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi. Sunan garinmu ba ya cikin sunayen da ake haddacewa a darasin tarihi, irin su Bebeji da Kwatarkwashi da Burmi da Satiru. Saboda haka in za a auna darajar mulkin kai, garuruwa irin namu ne ya kamata a aza a sikeli, domin a nan ne za a ga ko abin ya kai ga talaka ko kuwa ya tsaya a Kaduna da Ikko.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana da wani tsohon gwangwani da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gadonsa. Muna yara mun ɗauka kuɗi ne a ciki. Ranar da ya buɗe mini shi, ina aji biyar na sakandare, sai na tarar takardu ne ƙanana, sun yi ja, waɗansu gara ta ci gefensu. Takardun haraji ne, nasa da waɗansu na mahaifinsa, shekara bisa shekara, an ɗaure da zare. Na ce, "Kaka, me za ka yi da waɗannan?" Ya ce, "Kai ɗan boko, da ba ka da wannan a aljihu ba ka isa ka ci kasuwa da kwanciyar rai ba. Wannan ita ce shaidar kai mutum ne." Na jera su a tabarma. Na farko an rubuta kuɗinsu da sule da kwabo, na ƙarshe da naira, domin a 1973 aka sake kuɗi. Sunan hukumar da ke saman takardar ma ya canja. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, takardar 1959 da ta 1961 ba su da wani bambanci. Jerin ya ratsa ta kan 1960 kamar ba a yi kome ba, bai tsaya ba sai a 1979. Tarihin da zan bayar ke nan, watau yadda aka yi jerin ya fara, da abin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya.

Tun da mujallarmu ta Hausa ce, bari in fara da kalmar. 'Yanci daga ɗa ta fito, watau zaman mutum ɗa ba bawa ba, shi ya sa mutanen Sakkwato suke cewa ɗiyauci. Bahaushe bai ƙago kalmar don tuta ko majalisa ba. Ya ƙago ta ne don ya bambance wanda guminsa nasa ne da wanda guminsa na ubangijinsa ne. Sa'ad da 'yan siyasa suka ɗauke ta suka ce 'yancin kai, to, sun ɗauki alkawari babba, ko sun sani ko ba su sani ba, domin manomi da ya ji kalmar abin da ya fahimta shi ne za a sakar masa guminsa.

Haraji ba Turawa suka kawo shi ƙasar Kano ba, kada wani ya ce na ɗora musu abin da ba nasu ba. Akwai kuɗin ƙasa, da kuɗin shuka, da kuɗin karofi, da jangali, ban da zakka. Amma akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, a zamanin Sarkin Kano Dadi, wanda ya yi sarauta daga 1670 zuwa 1703. Farin Dutse ya yi shekara uku bai aika wa Kano da kome ba, sai da aka yaudare shi ya zo sa'an nan aka kashe shi. A wajen 1846 kuma Malam Hamza na Tsakuwa da waɗansu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka tashi suka shiga duwatsun Ningi, kuma daga wannan ƙaura Ningawa suka yi ƙarfin da suka hana kudanci da gabashin Kano barci shekara da shekaru. Ba ina cewa zamanin na adalci ba ne. Ana kama bayi, ana ƙone garuruwa, kuma basasar Yusufawa da Tukurawa ta 1893 zuwa 1894, wadda Yusufawa suka shirya daga Takai nan kusa da mu, ta ci mutane ba kaɗan ba. Abin da nake cewa shi ne mai mulki yana da abin tsoro. Ya san in ya matsa wa jama'a za su tashi su bar masa kufai, ko su koma wa abokin gabansa, ko malamai su juya masa baya. Mai mulki da wanda ake mulka rana ɗaya take dukansu, fari ɗaya yake cinsu.

Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da rundunar da yawancinta baƙar fata ne, da yawa ma Hausa suke ji, Turawan cikinta 'yan kaɗan. Suka fasa Bebeji da igwa ran 1 ga Fabrairu, suka shiga Kano ran 3 ga wata. Sarki Alu yana hanyar Sakkwato da manyan mayaƙansa. A ƙarshen watan aka kara a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada da jama'arsa, Wambai Abbas kuwa ya komo da sauran mutane, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki cikin watan Afrilu. Alu aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, can ya rasu a 1926. Sakkwato ta faɗi ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya bi ta tsakanin Kano da Zariya ya yi gabas, talakawa suna barin gonakinsu da bakin damina suna binsa, har aka tare shi a Burmi aka kashe shi ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau. A 1906 aka share Satiru daga bayan ƙasa, kuma a watan Afrilu na shekarar aka buɗe wa Haɗeja wuta, Sarki Muhammadu ya mutu yana yaƙi a cikin garinsa. Mutanen gabashin Kano ba su bukaci a fassara musu abin da ya sami Haɗeja ba.

Abin da ya fi waɗannan yaƙe-yaƙe nauyi a wurina shi ne jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato 'yan kwanaki bayan cin garin. Ya gaya wa manya a fili cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon ƙasa, da ikon sa haraji, duk sun koma hannun Ingila, tun da da ƙarfi aka ci su. Daga ranar nan tsanin mulki ya ƙara tsawo har ƙarshensa ya ɓace wa talaka. Mai unguwa yana tsoron dagaci, dagaci yana tsoron hakimi, hakimi yana tsoron sarki da Di'o, Di'o yana duban Razdan, Razdan yana duban Gwamna, shi kuwa Gwamna yana jiran takarda daga Landan, daga hannun mutanen da ba su taɓa jin sunan Gaya ba balle Toranke. Babu ko ɗaya a cikinsu da cinsa ko rawaninsa ya rataya ga yardar manomi.

A wajen 1907 zuwa 1908, zamanin Razdan Cargill wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, aka yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka ce hakimai su fita birni su tare a ƙasashensu, babban aikinsu tara haraji. A 1909 aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai albashi, gwamnatin Turawa tana ɗaukar kasonta, har akwai lokacin da ake raba kuɗin biyu daidai. Aka ƙidaya mutane, aka auna gonaki da taki a waɗansu gundumomi. Sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi da tufafi, aka ce sai kuɗin Bature. To, ina manomi zai sami kuɗin Bature? Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, sai amsar ta fito da kanta. Ka noma abin da kamfani yake so, ka kai sikelinsa, ya yanka maka farashi, ka karɓi sulallan da hannun dama ka miƙa wa mai haraji da hannun hagu. Daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar 1914 wadda ta kashe dubban mutane a lardin Kano, amma ba a fasa karɓar haraji ba, jirgi kuma bai fasa jan gyaɗa zuwa Ikko ba. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, in aka tona ƙarƙashinta takardun gwangwanin kakana za a tarar.

Ƙaura ma ta daina amfani. In ka gudu Haɗeja Bature ne, in ka gudu Bauci Bature ne, in ka haura Damagaram ka faɗa hannun Faransa, wadda harajinta da aikin tilas ɗinta suka sa mutanenta suke gudowa wajenmu. Kakana ya ce yana yaro ya ga an shanya mahaifinsa a rana tare da waɗansu magidanta, tun hantsi har azahar, saboda ragowar kuɗin da bai cika ba, sai da aka kama akuyar mahaifiyarsa aka sayar a wulaƙance. Na tambaye shi ko akwai Bature a wurin. Ya yi dariya ya ce shi duk ƙuruciyarsa bai fi sau uku ya ga Bature ba, shi ma daga nesa, in Di'o ya fito rangadi an sa mutane share hanya da ɗaukar kaya. Gwanintar wannan mulki ke nan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mai dukan naka ne, harshenku ɗaya, masallacinku ɗaya, wanda ya aiko shi kuwa yana can yana shan iska, ana cewa shi mai gaskiya ne ba ya cin hanci. Ina jin wannan ne asalin kyakkyawan sunan da Bature ya bari a bakin waɗansu tsofaffi, wanda abokina ya gada.

Akwai abu guda da tilas in ba abokin nawa, in ba haka ba na yi rashin adalci. Turawa sun hana harin bayi da cinikinsu, sun yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, ko da yake ba su kashe bautar gaba ɗaya ba sai 1936, don gudun ɓata wa masu sarauta rai. Ga wanda kakarsa ta kwana a turken bayi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mu da muke kukan an raba mu da 'yanci a 1903 ya kamata mu tuna akwai waɗanda mu muka raba su da nasu kafin nan. Sai dai wanda ya kwance wa bawa mari shi ne kuma ya rubuta sunansa a littafin haraji, ya bar shi yana biyan murgu ga ubangijinsa yana biyan kuɗin ƙasa ga hukuma.

Ƙin haraji shi ne harshen da talakan da aka mallake ya fi iyawa, ko ina yake. Bai Bure ya yi yaƙi a Saliyo a 1898 a kan harajin ɗaki, matan Aba sun tayar da ƙasar Ibo a 1929 don jin za a sa musu haraji, Gandi ya taka zuwa bakin teku a 1930 a kan harajin gishiri. A wajenmu kuwa abin ya sami baki ne bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da sojan da aka kai Bama suka komo sun ga Bature yana gudu yana mutuwa kamar kowa. Ran 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. A cikin watan nan ne kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e, abin da ya nuna ba 'yan hamayya kaɗai suka ga ɓarnar ba. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya komo gida, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Abin da 'yan Sawaba suka kawo ƙauye ba dogon Turanci ba ne. Sun ce wa manomi ya nemi rasit in ya biya, kada ya biya sau biyu, kada ya yi noman gandun kowa a banza, kuma ba dole ba ne ya tuɓe takalmi ya faɗi don mutum ɗan'uwansa. A yau waɗannan kamar wasa ne. A lokacin kuwa a kansu ake yi wa mutum bulala a kai shi gidan yari.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda aka ɗaure abin. Hawa-hawa aka yi shi, NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e ikon cusa mutanenta, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Ko ɗan NEPU ɗaya bai kai Kaduna ba. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar Ikko a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da ma'aikatan da za su riƙe ofisoshinta, kuma tsoronsa shi ne a fita hannun Bature a faɗa hannun 'yan Kudu. Wannan tsoro yana da tushe, amma wa ya riƙe Arewa shekara hamsin ya bar ta da makarantun da ba su taka kara sun karya ba? Rigimar ta jawo tarzomar Kano ta watan Mayu 1953, wadda gwamnati ta ce mutum 36 suka mutu a cikinta. Daga ƙarshe Arewa ta karɓi mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, shekara 56 cif da faɗuwar Sakkwato, Nijeriya kuma ran 1 ga Oktoba 1960.

Maƙwabtanmu sun sha tasu gardamar. Kafin ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Seku Ture ya gaya wa Digol cewa mutanen Gini sun fi son talauci cikin 'yanci da wadata cikin bauta, suka ce a'a, Faransa ta kwashe ma'aikatanta da kayanta ta bar su. A Nijar Jibo Bakari da jam'iyyarsa, ita ma Sawaba, sun nemi a ce a'a, aka kayar da su, aka haramta jam'iyyar a 1959. Shi kansa Seku Ture daga baya ya cika kurkuku da 'yan ƙasarsa. Na kawo wannan ne don a ga ba mu kaɗai muka gane cewa tafiyar Bature ba ita ce ƙarshen magana ba.

Na tambayi kakana yadda suka yi ranar 1 ga Oktoba 1960. Ya ce ya ji an yi kiɗa da hawa a manyan garuruwa, an raba wa 'yan makaranta tuta, shi kuwa yana gona, lokacin cirar gyaɗa ne. Da kaka ta yi mai karɓar haraji ya zo kamar kullum, mutumin bara, da littafin bara. Alƙali na En'e ne, ɗan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, kuma wanda aka san ya jefa wa tauraro ƙuri'a maimakon fartanya ya san harajinsa na iya hawa ba dalili. A zaɓen 1959 NEPU kujera 8 ta samu a majalisar tarayya, ɗaya ta Malam Aminu ce. Mata kuwa, irin su kakata, ko ƙuri'ar ba su da ita. In da a nan tarihin ya tsaya, da na ce abokina ya yi gaskiya, an sake mahayi ne jakin yana nan.

Amma bai tsaya ba, kuma a nan ne nake ganin darajar abin take. Tafiyar Bature ta sare saman tsanin nan da na ambata. Wanda ke bisa ƙoli yanzu mutum ne da ake iya zuwa ƙofar gidansa, ana iya yi masa waƙar zambo ya ji da kunnensa, kuma wata rana tilas ya zo neman ƙuri'a. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta binciki kuɗin En'e ta Kano, Sarki Sanusi ya yi murabus ya tafi Azare. Ko mene ne siyasar da ke ciki, talaka ya ga cewa rawani ma ana iya tambayarsa lissafi. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta ƙunshi tsofaffin 'yan NEPU irin su Tanko Yakasai, Malam Aminu kuma yana kwamishina a tarayya. Daga 1968 aka raba sarakuna da kotuna da 'yan doka da gidajen yari, abin da 'yan Sawaba suka sha bulala a kansa shekara goma sha takwas, abin da kuma Bature bai yi ba cikin shekara 57, domin da waɗannan yake tara kuɗinsa. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi masu majalisa. A 1979 mata suka jefa ƙuri'a a babban zaɓe karo na farko a Arewa. Kakata ta ce da asuba suka fita, ita da kishiyarta, kowace ta ƙudurce makulli a ranta, alamar PRP. Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, ya ci gwamna, da hawansa a watan Oktoba 1979 ya soke haraji da jangali, Balarabe Musa ma ya yi haka a Jihar Kaduna. Nan jerin takardun gwangwani ya tsaya.

Masana tattalin arziki suna iya cewa, kuma sun faɗa, kuɗin man fetur ne ya sa aka iya yafe haraji, kuma soke shi ya sa ƙananan hukumomi suka zama 'yan jiran kaso daga sama, ba sa jin nauyin talaka tun da ba daga aljihunsa suke ci ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma abin a tattauna ne a wani fitowar mujallar. Amma ko da soke harajin kuskure ne, kuskurenmu ne, mutanen da suka sha rana a kansa su suka zaɓi wanda ya yi alkawarin kashe shi, ya kuma kashe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙarƙashin Gwamna Lugga da magadansa babu wata hanya, ko mai tsawo ko gajeriya, da kakata za ta bi ra'ayinta ya zama doka.

Shaida ta biyu ta zo ta bayan gida. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka karɓe mulki, a 1984 gwamnonin soja suka komo da harajin kai da na shanu da kuɗaɗe masu sunaye iri-iri. Su ma 'yan ƙasa ne, ba daga Landan aka aiko su ba, amma ba sa bukatar ƙuri'ar kowa. Na tambayi kakana ina takardun waɗannan shekaru, tun da ban gan su a gwangwani ba. Ya ce ya biya, amma bai ajiye ba. "Wancan na da," in ji shi, "mun ɗauka haka Allah ya yi duniya. Wannan kuwa mun riga mun san ana iya cire shi."

Ko sarautar Gaya, wadda Farin Dutse ya rasa ransa a kanta, ta zama abin da ake ɗagawa ana saukewa gwargwadon wanda ya ci zaɓe. Rimi ya ɗaga darajarta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya mayar da ita a 1983, Ganduje ya yi mata sarki mai daraja ta ɗaya a 2019, a watan Mayu 2024 aka rushe, a watan Yuli aka komo da ita da daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Ba zan ce wannan jeka-ka-dawo abin alfahari ba ne, kuma ba wanda ya zo Toranke ya tambaye mu kafin a yi ko ɗaya daga ciki. Sai dai kowane ɗayan waɗanda suka yi, shi ko jam'iyyarsa, sai da ya aiko mota da lasifika ƙauyukanmu yana roƙo, mutane kuma suka tuna masa ko suka yafe masa a akwati.

Abokina zai ce to ga shi nan muna zaune a duhu, ga tsadar abinci, ga 'yan bindiga, ga matasan ƙasarmu sun cika birane suna ga-ruwa da acaɓa. Ban musa ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma in ya ce a komo da bara, sai ya faɗa mana a wane matsayi zai koma. Jami'ar da muke zaune a cikinta muna wannan gardama ba ta nan a lokacin, domin a ranar da Bature ya sauke tutarsa babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Arewa, ta Zariya sai 1962 aka buɗe ta. Ni dai na san inda zan kasance: a gonar gyaɗa, da takarda a aljihu, ina sauraren ko an ce Di'o zai fito rangadi.

Gwangwanin yana hannuna yanzu. Da na koma gida hutun da ya wuce na zaga gidaje huɗu a unguwarmu ina tambaya ko akwai mai irinsa. Gida biyu sun ce an ƙone nasu da shara bayan rasuwar tsohon, gida ɗaya ruwa ya cinye, a na huɗu wata tsohuwa ta fito mini da guda bakwai a cikin tsumma, har da katin jam'iyya mai hoton tauraro, ta ce in duba in mayar mata. Ina roƙon 'yan ƙungiyarmu, musamman 'yan Gaya da Ajingi da Albasu da Wudil da Takai, duk wanda ya je gida ya tambayi tsofaffinsa, ya ɗauki hoton abin da ya samu, ya rubuta shekarar da sunan garin, ya kawo wa sakataren ƙungiya kafin ƙarshen zango mai zuwa.